Irin da ke Cikin Tandun Yaya

Ni ban taɓa sa taba a bakina ba, ko ta sha ko ta ci, amma a cikin ƙamshinta na tashi, kuma ƙamshin nan ne ya ja ni ya zaunar da ni cikin mutanen da yau nake jin haushinsu. Duk ranar Alhamis bayan la'asar, idan zafin Doha ya yi sauƙi, wasu 'yan ƙasarmu sukan taru a barandar Likita a Lusail, can sama inda in ka leƙa ƙasa sai kanka ya juya. Likita yaro ne a wurina, na girme shi nesa ba kusa ba, haka ma Injiniya da sauran abokansu, shi ya sa Kawu suke ce mini. Abin da ya haɗa su shi ne 'yar Kuba, wato tabar nan ta ganye zalla da ake naɗewa ba takarda, kaurinta ya kai babban yatsa. Matansu sun sani sun yi kamar ba su sani ba, jama'ar masallaci kuwa ba a gaya musu. Ni shayi nake zuwa sha, in ji Hausa a kunnena bayan na wuni ina koyarwa da Turanci, in kuma shaƙi hayaƙin da ya tuna mini zauren gidanmu.

In ka ga yadda suke yi da ita sai ka rantse wani aikin ibada ne. Likita zai shiga ciki ya fito da akwatin katako mai walƙiya, da ɗan agogo a jikinsa mai auna danshi, ya buɗe a hankali kowa ya leƙa. A cikin akwatin akwai wani ɗan soso da yake jiƙawa da ruwa na musamman, domin wai in 'yar Kuba ta bushe ta mutu. Sai kowa ya ɗauki tasa ya kai hanci, ya kai kunne yana murzawa, ya yanke mata kai da ɗan almakashi, ya kunna ba gaggawa. Daga nan sai hira ta ɓalle. Injiniya ya je Havana, kuma ba za ka zauna da shi ka tashi bai kai ka can ba, da tsohuwar da ya gani tana naɗi a kan allo, da motar da ta mutu da su a hanyar gona. Wani ya ce ya samo tasa a filin jirgin Istanbul, wani ya ce ta Landan ta fi. Sai a koma kan kafil ɗin wane, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, da ya riƙe masa takardu, da kuɗin makarantar yara, da cunkoson hanyar Al Rayyan. Can sai ɗaya ya lumshe ido ya ce yana jin ɗanɗanon koko, wani ya ce a'a, fata ce da ɗan kofi. Har gasa suke yi ta wanda tokarsa za ta fi tsawo ba ta karye ba, suna ɗaukarta hoto. Ni dai ina gefe da kofina ina mamaki, mutum ya san taba ta ƙasashe goma amma bai taɓa ganinta a tsaye da saiwarta a ƙasa ba.

Mu a garinmu taba shuka ce kafin ta zama hayaƙi. Baba yana da fadama a bayan gari, kuma abin da yake tashe ni da safe lokacin rani ba zakara ba ne, kukan jigo ne, wannan ƙara ta itace a kan itace idan guga ya nutsa ya taso. Ina iya jin ta yanzu haka in na yi shiru, har da sautin ruwa yana bin lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, da muryar Baba yana ce mini in toshe nan in buɗe can. Ƙafafuna kullum cikin taɓo, hannuna kullum da danƙon ganye, baƙi ƙirin, wanda sabulu ba ya fitarwa sai an goga da toka. Ganye idan ya nuna daga ƙasa ake fara cira, a jera a igiya a rataye a zaure inda rana ba ta shiga. In ya bushe a tara shi a lulluɓe da tsofaffin tabarmi ya yi gumi, to a nan ne ƙamshin yake fitowa, mai nauyi, mai ɗan zaƙi, ya shiga bango ya shiga kayan sawa. A makaranta ba sai an tambayi ɗan gidan wa nake ba. Ranar daka kuwa, idan aka zuba ganye a turmi da kanwa, unguwa duka take ɗaukar atishawa, tsofaffi suna zagin Baba suna miƙo battocinsu.

Shi kansa Baba bai sha ba, bai ci ba. Abin da ya fi damunsa a duk harkar shi ne iri. Wanda bai taɓa ganin irin taba ba zai zaci ƙura ce, abin da za ka ɗiba da yatsu biyu ya isa fadama guda. Saboda ƙanƙantarsa ba a yafa shi haka nan, sai an gauraya da tokar kara da aka tankaɗe, don ya bazu daidai kuma ka ga inda hannunka ya bi. A cikin tokar nan kuma ake ajiye shi daga shekara zuwa shekara, ita ce take tsare shi daga danshi da ƙwari. Idan Baba zai buɗe goran iri sai ya sa a rufe ƙofa, ya ce mini, “Juya kanka can in za ka yi numfashi.” Ni kuwa sai in riƙe numfashina har idona ya yi ja, don kada a kore ni daga ɗakin.

Fure kuwa na mata ne, kuma a gidanmu na Yaya ne. Ita ce babbarmu, ni ne auta, kusan ita ta goye ni. Da sassafe kafin rana ta taɓa shi take shiga fadama ta tsinko shi a faifai, fari mai ɗan ja a baki, ta yayyafa masa ruwa ta rufe da ganye. Matan gari suna jiranta a bakin ƙofa. Mace za ta ci goronta, ta ɗauki fure ta yi ta goga wa haƙora a hankali tana hira, har su yi jajir suna sheƙi, in ta yi dariya sai ka ga ado ya cika. A lokacin amarya ba ta fita ba fure, mai jego ma ana kai mata. Furen gidanmu ya yi suna domin yana kama haƙori da wuri kuma ba shi da ɗaci. Yanzu in na ba 'ya'yana wannan labari sai su yamutsa fuska su ce ai ƙazanta ce, su da suke biyan likita ya wanke musu haƙora da wani ruwa mai ƙona dasashi.

Abin da ba zan manta ba ya faru wata shekara a tsakiyar marka. Ruwa ya yi kwanaki bai ɗauke ba, soron Baba ya fara yoyo a wani lungu da ba wanda ya lura, kuma ɗigon ya bi igiyar da aka rataye goran iri ya yi ta shiga ciki. Ba a gane ba sai da lokacin yafi ya zo. Baba ya sa aka rufe ƙofa kamar kullum, ya cire marfi, ya karkata goran a tafin hannunsa, ba abin da ya zubo. Ya bubbuga, sai ga wani dunƙule ya faɗo, toka ta daskare, fumfuna ta yi mata gashi. Ya sa takalmi ya bi gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya, amma a shekarun nan wani kamfani ya shigo da nasa iri yana rabawa kyauta, mai faɗin ganye wanda ake gasawa da itace, kowa ya koma can ya watsar da na gado. Ba wanda ya rage da ko tsinke. Baba ya dawo ya zauna a zaure, aka kai tuwo aka dawo da shi. Ban taɓa ganin babban mutum ya zauna haka hannuwansa a kan gwiwa ba abin yi ba, kuma tsoro ya kama ni fiye da ranar da na faɗa rijiyar fadama.

Sai ga Yaya ta fito daga ɗakin Inna da wani tsohon tandun kwalli a hannunta. Ta durƙusa nesa da shi, inda hannu ba zai kai ba, ta ce, “Baba, na ɗiba a ɓoye lokacin da kake shanya. So nake in yi fangalina ni kaɗai.” Ashe ta ga yadda yake yi, ta tankaɗe tokarta, ta zuba, ta toshe bakin da tsumma ta cusa a ƙarƙashin tukwanen Inna. Baba ya karɓa ya zazzaga kaɗan a hannu, busasshe ƙayau. Ya daɗe yana kallonta, mu duka muna jiran mari. Sai ya ce, “Daga yau iri ba zai ƙara kwana a ɗaki ɗaya ba. Rabi a wurina, rabi a wurinki.” Haka aka yi har ya rasu. Da aka yi mata aure tandun nan yana cikin kayan ɗakinta, kuma duk gidan da ta zauna sai ta sami ɗan lungu a bayan ɗaki ta shuka ko guda goma ne, ta sabunta iri.

Ni karatu ya ɗauke ni, daga wannan gari zuwa wancan, har na tsinci kaina da furfura a wani gidan sama a unguwar Madinat Khalifa a nan Doha, inda ba ka sanin an yi ruwa sai ka ga mota ta yi datti. Duk zuwan da na yi gida sai na tarar an rage wani abu. Jigo ya tafi, injin ban-ruwa ya zo da hayaniyarsa, shi ma ya tafi. Fadamar Baba an yanka ta fuloti-fuloti, inda rijiya take yanzu wurin buga bulo ne. Zauren da muke rataye ganye an mai da shi shagon cajin waya. Tsofaffin masu batta sun ƙare, matan da suka san fure sun ƙare, sai Yaya kaɗai da 'yan shukokinta a bayan ɗaki, jikokinta suna kunyar abin, suna cewa ta rufa musu asiri ta daina. Abin da yake ba ni haushi ba wai sun ƙi taba ba ne, wannan ra'ayinsu ne, ni ma ban sha ba. Haushina shi ne ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta yadda ake yi, ko don ya sani.

Zuwan da na yi gida don wani biki a ƙarshen sanyi, ta kira ni ɗakinta ta ce in rufe ƙofa. Ƙafafunta sun riga sun ƙi, ba ta iya durƙuso. Ta ciro tandun daga ƙarƙashin filo, fatar ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu, ta ce, “Auta, na raba. Rabi na zuba a kwalba na ajiye a nan, rabi ga shi a tandun. Ni na gama shuka. Ka tafi da shi, ko a tukunya ce ka shuka ka cire sabon iri, kada abin nan ya mutu a hannunmu.” Na ce mata ƙasar da nake ko ciyawa sai an yi mata hidima. Ta ce, “Ba ka ce kuna yin sanyi ba? To ka jira sanyin.” Na dawo da shi Doha a aljihun rigata, amma lokacin shuka ya riga ya wuce, dole in jira wata shekarar.

Da na nuna wa mutanen baranda tandun sun yi murna ƙwarai, ban hana su wannan ba. Aka yi ta juya shi ana ɗaukar hoto. Injiniya ya ce, “Kawu, ai wannan tarihi ne. In ya fito sai mu naɗa 'yar Arewa, mu ga ko za ta kara da ta Kuba.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Da dogon hutun makaranta ya zo za mu tafi gida ni da matata Hajiya, sai na tsaya tunani. Gida damina ce, ba zan kai iri cikin ruwa ba. In na bar shi a gidana kuwa, za a kashe esi wata da watanni, ɗakin nan yana komawa tanda. Likita ba zai yi tafiya ba a shekarar, gidansa kullum da sanyi. Na kai masa da kaina, na ce, “Ka sa mini wannan a wuri mai sanyi, busasshe, cikin durowa ma ya isa. Kada a buɗe.” Ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Khalas, shi ke nan, Kawu. Ai ka kawo gidan da aka san darajar taba.” Wannan magana ta kwantar mini da hankali, ita ce kuma ya kamata ta tayar mini da shi.

A gida na tarar da Yaya ta rame. Bayan mun gaisa ta ce a ba mu wuri, sannan ta gaya mini cewa kwalbar ta tafi. Lokacin da aka kwantar da ita asibiti jikanta ya sa aka gyara mata ɗaki aka yi fenti, ya ga kwalba cike da toka ya tambaya, aka ce masa irin tabar kakarsa ne, ya ce ba za a ajiye wannan a gidan da ake salla ba, ya juye a kwata. Ta faɗa ba kuka, tana murza zoben hannunta. Sannan ta ce, “Naka yana nan dai ko?” Na ce yana nan, yana hannun likita guda, a ɗaki mai sanyi. Ta ce alhamdulillahi, ta gyara kwanciya. Duk sauran hutun nan ina lissafin tukwanen da zan saya da inda rana take faɗowa a barandata.

Ranar Alhamis ta farko bayan mun dawo na tafi Lusail. Zafi bai sauka ba, a falo suke zaune. Likita ya tare ni da fara'a ya ce, “Kawu, zo ka ga inda na sauki baƙonka.” Ya shiga ya fito da akwatin nan mai walƙiya. Ya buɗe. Ga tandun Yaya a tsakiyar 'yan Kubansa mafi tsada, an jingina shi da soson nan mai ruwa, bakinsa a buɗe, tsumman toshiya a gefe.

Na ce, “Wa ya buɗe?”

Ya ce, “Ni ne, Kawu. Na ga durowa ba ta dace da shi ba. Da na duba kuma sai na ga ya bushe ƙayau, har tausayi ya ba ni. Taba ai ba ta son bushewa. Sai na riƙa ɗiga masa ruwan nan kaɗan-kaɗan, wanda nake sa wa nawa, ba na famfo ba.”

Na ce, “Ban ce maka busasshe ba?”

Ya ce, “Ka faɗa, amma na ɗauka irin ajiyar da ce ta ƙauye, da ba a da kayan aiki.”

Na karkata tandun a tafin hannuna, ba abin da ya zubo. Na bubbuga shi a gefen tebur, dunƙule ya faɗo, da gashin fumfuna a jikinsa, da warin da na sani tun ina yaro. Wallahi na so in yi faɗa, na so in ɗaga akwatin nan in wurga shi ta baranda da agogonsa da sosonsa. Mutum yana yanka cikin ɗan Adam ya ɗinke ya tashi, amma an ce masa kada ya buɗe ɗan tandu ya kasa. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da ya wulaƙanta shi ya jefa a durowar takalma ya manta, da yanzu yana nan lafiya. Girmamawa ce ta kashe shi. Na nannaɗe dunƙulen a hankici na miƙe. Injiniya ya biyo ni har bakin lif yana cewa, “Kawu, yi haƙuri, yalla dawo mu zauna, za a san abin yi.” Na ce masa ba abin da za a sani.

Abin yin nasu ya iso bayan 'yan makonni. Likita da kansa ya hawo gidana, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa kujera. Ya miƙo mini wata 'yar takarda mai sheƙi da hoton ganye a jiki, ya ce sun haɗu sun yi odar iri daga waje, na asalin wanda ake naɗa 'yar Kuba da shi, babu kamarsa a duniya. Har da kwalba ya kawo cike da tokar tabarsu da suka tara mini, tunda na ce da toka ake yafawa. Ya ce, “Na san ba zai maye ba, Kawu. Amma ai duk taba ce, wannan ma ta fi ganye.” Na dube shi, idonsa ya yi ja, da gaske yake. Ka rasa yadda za ka yi da mutumin da ya cuce ka da zuciya ɗaya. Na karɓa na yi godiya, ya tafi, na zauna ina jin kamar in fasa ihu.

Da sanyi ya shigo na sayi faranti biyu na shuka na cika da ƙasa. Dunƙulen nan na shanya shi a inuwa na murmushe da yatsa a hankali, ina juya kaina gefe in zan yi numfashi, Hajiya tana kallona daga ƙofar kicin. Babu kara a Doha, sai na tankaɗe tokar gawayin da take turare da shi na gauraya, na yafa a faranti ɗaya. A ɗayan na yafa nasu, don kada a ce na raina kyauta. Nasu bai yi wata-wata ba, ya fito kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Namu ƙasa ce kawai da ɗan farin toka a kai. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in durƙusa da gwiwar nan tawa mai ciwo, in sa tabarau in bi farantin lungu-lungu.

Duk Juma'a Yaya takan sa jikarta ta kira ni ta waya mai hoto, kuma gaisuwa ba ta ƙarewa sai ta ce, “Ya fito?” Ina ta ce mata tukuna, sanyin bai kama sosai ba. Wata Juma'a ta ce in nuna mata da idonta. Hajiya ta matso ta raɗa mini, “Nuna mata koren mana, me zai rage ka? Tsohuwa ce, ka bar ta ta ji daɗi.” Na fita baranda na juya wayar kan farantin su Likita, wanda a lokacin ganyensa ya kai tafin hannun yaro.

Yaya ta ce, “Matso da shi.” Na matso. Ta kawo fuskarta dab da waya har ba na ganin komai sai idonta ɗaya. Ta ce, “Auta, wannan na wane ne?”

Kafin in ba ta amsa ta ci gaba.

Ta ce, “Namu ba ya yin wannan faɗin, kuma bakinsa tsini ne. Ina namu?”

Sai na juya wayar kan ɗaya farantin, na gaya mata duk yadda aka yi, da akwatin, da soson, da ruwan na musamman. Ban san ko ta gane akwatin ba. Ta daɗe tana kallon ƙasar nan, har na zaci layi ne ya yanke. Can ta ce, “Yaron ya yi don alheri ne ko?” Na ce don alheri ya yi. Ta ce, “To. Ka ci gaba da ba shi ruwa. Namu yana da nawar fitowa, wani lokaci sai an fid da rai.” Ni da ita duka mun san ba haka ba ne, tun muna yara mun san kwanakin da yake ɗauka.

Yanzu zafi ya fara dawowa. Na su Likita sun yi tsawo sun kai ƙirjina, har sun yi fure, Injiniya ya zo ya ɗauki hoto ya tura wa abokansa na Havana. Na tsinki ɗaya na murza a yatsa na kai hanci, ba shi ba ne. Suna ta kira in koma zaman Alhamis, wataƙila in koma, domin ba ni da wani wurin da zan ji wannan ƙamshin, kuma wannan ma wani abin haushin ne. Tandun yana kan teburina, wayam, na mayar masa da tsummansa. Farantin ƙasar nan kuwa Hajiya ta gaji da cewa in zubar ta sa na'ana'a a ciki.

Juma'ar da ta wuce Yaya ta kira. Ta tambayi gwiwata, ta tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko zafin garin ya fara. Na yi ta jira, har jikarta ta ce kati zai ƙare, muka yi sallama. Ba ta tambayi iri ba. Na ajiye wayar na ɗebo ruwa a kofi na fita baranda.